Hura, Flagyl da silosaibin: abin da hanji zai iya yi wa maganin ƙwaƙwalwa

Ƙwaya ɗaya ce, miligiram 25, a kora ta da kofin ruwa. Majinyaci ya kwanta a ɗaki mai shiru, an rufe masa ido da ƙyalle, an sa masa abin sauraro a kunne, ƙwararru na zaune kusa da shi awa shida zuwa takwas. Haka ake ba da silosaibin a gwaje-gwajen asibiti, sinadarin nan mai sa mutum gane-gane da Albert Hofmann ya fara tacewa daga wata irin laimar kwaɗi ta ƙasar Meziko a 1958. A babban gwajin da aka buga sakamakonsa a Nuwamban 2022, an ɗauki mutum 233 masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka sha miligiram 25 alamun ciwon sun kwanta, a waɗanda aka ba miligiram 1 kuwa kashi 8 ne. Labari mai daɗi, amma a juya lissafin: bakwai cikin goma sun sha ƙwayar, sun ga abin da suka gani, sun tashi da sauran ciwonsu.

Masana sun daɗe suna neman dalilin wannan bambanci a cikin kai: halin da mutum ya shigo da shi, yardarsa da masu kula da shi, magungunan da ya saba sha, gadon jininsa. A 'yan shekarun nan wasu sun sauko da ido zuwa ciki. A 2023 John Kelly da John Cryan da Ted Dinan da abokan aikinsu na ƙasar Ayalan sun buga dogon nazari a kan cewa bakteriyar hanji na iya shiga tsakani tun daga shirin shan maganin har zuwa makonnin da ke biye. Hasashe ne mai tushe, kuma ya shafe mu fiye da yadda ya shafi su, don cikin Basakkwace da cikin mutumin Landan ba abinci ɗaya suka sani ba.

Kafin a yi nisa, a raba zare da abawa. Da an ce maganin da ke sa mutum gane-gane, hankalin mutanenmu zakami yake tafiya. Ba dangi ba ne. Zakami yana ɗauke da atirofin da sikofolamin, masu toshe saƙon asetilkolin, wani sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, fitsari ya riƙe, hanji ya tsaya cik, jiki ya ɗau zafi, mutum ya rikice bai san inda yake ba, gobe kuma ba zai tuna komai ba. Guba ce, tana kisa, musamman a zafin Afrilu da jiki ke buƙatar gumi. Silosaibin da danginsa irin su LSD da DMT kuwa ta wata ƙofa dabam suke shiga, 5-HT2A, ɗaya daga cikin wuraren da ke karɓar sirotonin, wani sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa. Haramtattu ne a Najeriya, suna cikin jeri na farko na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971. Ostareliya ce ta buɗe wa wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa ƙofar rubuta silosaibin daga 1 ga Yulin 2023, yayin da hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da MDMA, wani sinadarin da ake gwadawa a wannan fanni, a Agustan 2024. Abin da ke kusa da wannan fanni a asibitocinmu shi ne ketamin, wanda kowane mai ba da maganin barci a tiyata ya sani.

Hanyar da ƙwayar ke bi

Silosaibin da kansa kusan ba ya aiki. A kulle yake zuwa, da ɗan guntun fosfet manne a jikinsa, sai an yanke wannan guntu ya koma silosin, wanda shi ne ke tsallakawa ƙwaƙwalwa. Babban mai yankan wani inzayim ne, wato sinadarin jiki mai sarrafa wasu sinadarai, da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, alkalin fosfates, akwai shi kuma a hanta da ƙoda. Cikin minti 20 zuwa 40 mutum ya fara jin sauyi, wajen awa biyu sinadarin ya kai ƙololuwa a jini, kuma kusan rabin abin da aka haɗiye ne ke isa jinin. Daga nan jiki ya shiga kawar da shi. Wasu inzayim biyu, UGT1A10 a hanji da UGT1A9 a hanta, suna liƙa masa wani sukari da ke kashe ƙarfinsa, mafi yawansa ya fita ta fitsari. Wani kason kuma inzayim MAO-A ne ke farfasa shi. Duk bayan awa biyu zuwa uku rabin abin da ke jini ya tafi.

A wannan hanya akwai wurare uku da bakteriya za su iya sa hannu. Na farko mai yankan nan na bangon hanji: an nuna a dabbobi cewa kasancewar bakteriya ce ke tayar da shi, butiret da suke samarwa daga dusar abinci yana ƙara shi, yunwa mai tsawo tana rage shi, kuma ba ya aiki sai da zink da magniziyam. Na biyu, bakteriyar hanji da yawa, har da Escherichia coli, suna da inzayim da ke ɓamɓare sukarin da hanta ta liƙa, su mai da mataccen magani rayayye. Wannan ba tatsuniya ba ce: ita ce musabbabin mummunar gudawar da maganin kansa irinotekan ke haddasawa. Na uku, wasu kamar Clostridium sporogenes da Ruminococcus gnavus suna juya tiriftofan, wani sinadarin da ke cikin furotin na abinci, ya zama tiriftamin, ɗan gida ɗaya da silosin da DMT, kuma MAO ɗin da ke farfasa su ita ke farfasa shi.

Abin da ya sa ake ɗaukar maganar da muhimmanci shi ne an riga an kama bakteriya dumu-dumu da wasu magungunan. Tun 1981 aka gano cewa kusan mutum ɗaya cikin goma masu shan digoksin na ciwon zuciya, wata bakteriya da yanzu ake kira Eggerthella lenta tana lalata musu shi a hanji, kuma idan aka ba su antibayotik sai maganin ya hauhawa a jini. A 2019 ɗakin binciken Emily Balskus na Jami'ar Habad ya nuna Enterococcus faecalis na cinye lebodofa, maganin ciwon karkarwa, kafin ya kai ƙwaƙwalwa. A shekarar dai wata tawaga a Jami'ar Yel ta haɗa magunguna 271 da nau'in bakteriyar hanji 76, aka samu 176 daga cikin magungunan akwai aƙalla nau'i ɗaya da ke sauya su. A 2021 aka ƙara gano cewa wasu ba sa ma farfasa maganin, haɗiye shi suke yi su ɓoye a cikinsu, kuma duloksetin na ciwon damuwa na cikin waɗanda ake yi wa haka.

Duk da haka, a ganina wannan ƙofa ta farko, wato bakteriya su taɓa maganin kai tsaye, ƙarama ce ga silosaibin. Dalili kuwa na wuri ne. Jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, nauyinsu bai wuce giram 200 ba, amma kusan dukkansu a babban hanji suke cunkushe, wajen biliyan ɗari a kowane giram. A farkon ƙaramin hanji, inda ake tsotse silosin, dubbai ne kacal a kowace mililita. Maganin ya riga ya shige jini kafin ya iso unguwar da jama'ar take. Inda lissafin zai sauya shi ne mutumin da bakteriya suka hauro masa sama: mai shan omefirazol wata da watanni saboda olsa, mai ciwon sukarin da hanjinsa ya yi sanyi, wanda aka taɓa yi wa aikin hanji bayan taifod ta huda shi. Irin waɗannan ba su da wuyar samu a nan.

Ayawaska, wani jiƙon dajin Amazon mai ɗauke da DMT, ita ce misalin da ya fi nuna ikon hanji a fili. DMT idan aka sha shi kaɗai ba ya yin komai, MAO-A ta bangon hanji da hanta ta gama da shi nan take. Mutanen dajin Amazon suna dafa ganyen da ke da DMT tare da wata kurangar da ke da harmin, mai ɗaure MAO-A na 'yan awoyi. Ɗaure ta kuwa buɗe ƙofa ne ga duk abin da take tarewa. Shi ya sa wanda ya haɗa irin wannan da tiramol ko fuluwoksetin ke iya faɗawa gubar sirotonin: zazzaɓi, karkarwa, sanƙarewar jijiya, farfaɗiya. A ƙasar da tiramol ya zama ruwan dare, wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne. Ketamin da ake ɗaurawa ta jijiya, miligiram 0.5 a kowane kilo cikin minti 40, shi bai bi ta hanji ba sam, don haka duk wani tasirin bakteriya a kansa sai dai ya biyo ta ƙofa ta biyu, wato yanayin jikin da maganin ya tarar.

Ƙofar da ta fi faɗi

Silosin ya bar jiki cikin yini guda, amma sauƙin da wasu ke samu yana kai makonni ko watanni. Abin da aka gani a ɓeraye shi ne bayan shan maganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna fitar da sababbin rassa, kamar gonar da aka yi wa huɗa. Huɗa kuwa ba ita ce amfanin gona ba, sai an dubi ƙasar. A nan ne yanayin jini, kumburin ɓoye da abin da hanji ke turowa suke shigowa.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na sirotonin ɗin jiki a bangon hanji ake yin sa. A 2015 tawagar Elaine Hsiao a Kalifoniya ta nuna cewa ɓerayen da aka raina ba tare da ko bakteriya ɗaya ba, sirotonin ɗin hanjinsu ya gaza na sauran da kusan kashi 60, kuma da aka zuba musu wasu bakteriya masu yin ƙwanso sai ya dawo. A kula da kuskuren da masu tallar magani ke yi a nan: sirotonin na hanji ba ya tsallaka katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Abin da ke tsallakawa shi ne tiriftofan, ɗanyen kayan da ake yin sa da shi. Kuma tiriftofan hanya biyu gare shi. Idan jiki na fama da kumburi, wani inzayim mai suna IDO ya farka ya karkatar da shi zuwa kainurenin, wanda wasu 'ya'yansa ke cutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro yana tayar da IDO. Haka ma guntayen bangon bakteriya da ke sulalowa jini idan bangon hanji ya yi rauni.

Cewa kumburi na sauya amsar magani, an gani a mutane. A wani gwajin Turai da aka buga a 2014, mai mutum 241, waɗanda awon CRP ɗinsu, mai nuna kumburi a jini, ke ƙasa da miligiram 1 a lita sun fi samun sauƙi da esitalofiram, masu CRP mai yawa kuwa notiriftilin ya fi yi musu. Sannan makarɓin 5-HT2A ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba, akwai shi a hanji, a jijiyoyin jini da ƙwayoyin garkuwar jiki. Tun 2008 Charles Nichols na Luwiziyana ya nuna cewa wani sinadari mai taɓa wannan makarɓi yana danne kumburi da ɗan mitsitsin adadi. Ke nan hanyar ta zuwa da dawowa ce: hanji na iya shirya ƙasar da maganin zai sauka, maganin ma na iya taɓa hanjin. Tashin zuciya dai yana cikin abubuwan da masu shan sa suka fi kuka da su, tare da ciwon kai da jiri.

Akwai kuma jijiyar bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta sauka har hanji, kuma wajen kashi 80 na zarenta saƙo yake kaiwa sama. A 2011 aka ciyar da ɓeraye Lactobacillus rhamnosus, fargabarsu ta ragu, da aka yanke jijiyar sai amfanin ya ɓace. Labarin ya zaga duniya. Wanda bai zaga ba shi ne na 2017, da aka ba lafiyayyun maza wannan nau'in dai, bai fi ƙwayar wofi, wadda ba magani a cikinta, komai ba. Duk mai karanta binciken ɓera ya riƙe wannan a ransa. A mutane, abin da ya fi ƙarfi shi ne binciken Beljiyam na 2019 a kan mutum 1,054, inda aka samu bakteriyar Coprococcus da Dialister sun yi ƙaranci a masu ciwon damuwa ko da an cire tasirin magungunansu. Tarayya ce aka gani, ba a kama wanda ya haifi wani ba, don mai damuwa cin abincinsa da barcinsa da motsinsa duk sukan sauya.

To, wane ciki ake magana a kai? Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwajen wannan fanni ya samu kashi 82 na mahalarta Turawa ne farar fata, baƙaƙen Amurka ba su kai kashi 3 ba. Mu kuwa abin da ya fi kama da mu shi ne binciken 2010 da ya kwatanta yara 14 na wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yara 15 na birnin Fulorans a Italiya. Cikin yaran ƙauyen cike yake da Prevotella, mai narka dusa, kuma bayan gidansu ya fi yawan butiret da danginsa. Funmilola Ayeni ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta sun ga makamancin haka a 2018 tsakanin manoman Bassa da mazauna biranen Najeriya. Mai karyawa da kunu, ya sha hura da nono da rana, ya ci tuwo da miyar kuka mai daddawa da dare, yana zuba wa hanjinsa dusar gero, bakteriyar tsamin nono da Bacillus ɗin da ya ruɓar da kalwa. Ta wannan fuska ya fi ɗan Landan jari. A Jami'ar Sitanfod a 2021 sai da aka sa mutane cin abinci mai tsami sau shida a rana har mako goma kafin nau'o'in bakteriyarsu su ƙaru, alamun kumburi 19 su sauka.

Sai dai hannun da ya ba shi, shi ke karɓewa. Ciki ya ɗan murɗa, a tsaya kemis a sayi Flagyl huɗu da jan kafso biyu. Zazzaɓi ya kwana biyu, awon Widal ya ce taifod, a ɗora sifiro. An nuna cewa sifirofuloksasin na rushe tsarin bakteriyar hanji cikin kwana uku zuwa huɗu, kuma ba kowa ke komawa yadda yake ba. A Danmak an ba lafiyayyun maza 12 haɗin antibayotik uku na kwana huɗu kawai: bayan wata ɗaya da rabi yawancin bakteriyar sun dawo, amma bayan wata shida akwai nau'i tara da ba a sake gani ba a mafi yawansu. A ƙara da tsutsar ciki, tsargiya a garuruwan bakin gulbin Rima da madatsar Goronyo, da zazzaɓin damina. Su ma magungunan ƙwaƙwalwar ba su bar hanji ya huta ba. Amitiriftilin yana busar da ciki ya rage tafiyarsa, kuma binciken Jamus na 2018 ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na magungunan da ba antibayotik ba suna danne wata bakteriyar hanji, magungunan taɓin hankali na gaba-gaba.

Binciken wannan alaƙa a cikin mutanenmu ba sai an jira silosaibin ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna ganin masu ciwon damuwa kullum, kuma tambayar ko hanji na hasashen wanda magani zai yi wa aiki ana iya yin ta da amitiriftilin da fuluwoksetin. Wahalar ba a na'urar karanta DNA take ba, ana iya aika samfuri. Wahalar a kwalbar bayan gida take, wanda a cikinsa ake duba bakteriyar hanji. Bakteriya ba sa daina haihuwa don an rufe murfi. A zafin da ya haura digiri 40, samfurin da ya yi rabin yini a aljihun ɗan rakiya daga Illela ya riga ya zama wani abu dabam: masu jure iska irin su Escherichia sun ninka, sakamakon ya nuna cutar da ba ta nan. Ƙa'ida ita ce a daskarar da shi a digiri 80 ƙasa da sifili cikin 'yan awoyi, ba tare da ya narke ya sake daskarewa ba, abin da firizar da ke jiran janareto ba za ta iya alkawari ba. Mafita mai sauƙi ita ce a zuba kamar giram ɗaya a ruwan adanawa ko etanol mai ƙarfin kashi 95 tun a wurin da aka karɓa, a girgiza har ya narke, kuma a yi wa kowane samfuri iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Tare da kwalbar a cika takarda. Taurin bayan gida a ma'aunin Biristol, daga 1 zuwa 7, domin shi kaɗai yana cikin manyan abubuwan da ke sauya sakamako. Duk antibayotik na wata shida da suka wuce, kuma kada a tambaya da sunan antibayotik, a ce jan kafso, Flagyl, allurar taifod, a nuna fakitin in da hali. Omefirazol, metfomin, maganin tsutsa, jiƙon gargajiya na basir da shawara, kanwa. Rifamfisin na tarin fuka a rubuta shi dabam, don ban da kashe bakteriya yana zaburar da hanta ta yi saurin kawar da magunguna da yawa. Watan da aka ɗauka, domin cikin kaka da na bazara ba ɗaya ba ne, na azumi ma haka. A haɗa da awon CRP da na zazzaɓin cizon sauro a rana ɗaya. A ɗauki samfuri kafin a fara magani, sannan a mako na biyu da na shida, tare da ma'aunin damuwa guda da aka fassara da kyau. Samfuri ɗaya tak daga kowane mutum ba ya faɗin komai, saboda bambancin da ke tsakanin maƙwabta biyu lafiyayyu ya kan fi wanda ake nema girma.

Ga mai shan maganin damuwa yanzu, abin da za a iya ɗauka kaɗan ne amma tabbatacce. Kada a daina magani don an sayi kwalbar bakteriya mai tsada: gwajin Landan na 2023 da ya ba da ɗan ƙwarin gwiwa mutum 49 ne kawai, kuma ƙari aka yi a kan maganinsu, ba musanya ba. A gaya wa likita duk antibayotik da aka sha. Geron hura kada a surfe shi har ya yi fari fat, a bar masa ɗan dusa. Nono kuma a tabbata an tafasa madarar kafin a zuba mata tsami, domin ɗanyar madara na ɗauke da burusela da tarin fukan shanu, kuma tsamin kwana ɗaya ba ya kashe su duka. Su kansu masu gwajin silosaibin ba sa karɓar wanda shi ko iyayensa ko 'yan uwansa na jini suka taɓa samun taɓin hankali ko ciwon baifola, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai shan litiyam, wanda haɗuwarsa da waɗannan sinadarai ta sha jawo farfaɗiya. Kuma ana auna hawan jinin majinyaci kafin ya haɗiyi ƙwayar, a sake aunawa yana tsakiyar abin, ba a sallame shi sai da ɗan rakiya.